Kududdufin Bayan Ɗakin Inna

A bayan gidanmu a Gusau akwai kududdufi. Kakanninmu suka haƙa shi da za su gina unguwa, shi kuma tun daga nan yake karɓar ladansa a hankali. Duk damina sai ya gutsuri ƙasa, har ya iso gindin ɗakin Inna. Inna ba ta gani, kuma a ɗakin nan kaɗai take motsi ba jagora. Ta ce in da ranta ba ta barinsa.

Shekarar da aka fara zancen jirgin ƙasa zai iso, aka ce gari ya samu tsari, kowane abu da mai shi. Na ce alhamdu lillahi, kududdufi ma ya yi uba.

Na fara da mai unguwa, Baba Yari.

"Jatau, ni mutane ne nawa. Kududdufin ga shina biyan haraji?"

"A'a, Baba."

"To ka gani. Tafi wurin sarkin tsabta."

Sarkin tsabta ya zo da ƙafarsa, Allah ya saka masa. Ya leƙa, ya ce ruwan nasa ne, da sauron da ke ciki, amma gaɓa ta magina ce. Ya yi wa Inna faɗa kan tulunta ba murfi, ya tafi.

Sarkin magina ya ce ko tubali ba ya ɗagawa sai wakilin gari ya ce. Wakili, Malam Attahiru, mutum ne mai haƙuri. Ya zaunar da ni ya koya mini yadda ake riƙon babban gari. Harajinmu, in ji shi, biyu ake raba shi: rabi na Turawa, rabi na baitulmali. A na baitulmali ake biyan masu kula da mu. Abin da ya rage, da shi ake mana aiki.

"Mi ya rage, ranka shi daɗe?"

"Shi ne za mu gina wa ɗaki, kada ya ɓace. Kududdufin naku, ƙasarsa ja ce?"

Na ce ja ce mai danƙo, ba irinta har Bungudu. A zatona yabo yana jawo taimako.

Ya jawo kuwa. Ba a jima ba sai ga jakuna da mangaloli, ga magina, ga dogari. Inna ta ji hayaniya ta ce, "Ka gani, ɗan nan, hukuma ba ta mantuwa." Ashe ƙasar ginin sabon baitulmali za a ɗiba. Aikin gayya ne, kowane gida mutum guda, Baba Yari kuwa ya tuna ni mutum ne, kuma nasa. Aka miƙo mini dagi. Sarkin magina ya zaga, ya murza ƙasa a yatsa, ya nuna inda ta fi kyau: gindin ɗakin Inna.

"Ranka shi daɗe, nan fa ɗakin tsohuwa ne."

"Ɗaki na mai unguwa ne. Ni ƙasa na zo ɗauka."

Na haƙa a hankali, iyakar hankalin da dogari ya yarda da shi. Da ruwan farko bango ya tsage. Na goya Inna zuwa zaure tana dukana da mafici, ba a yi kwanaki ba ɗakin ya zauna cikin ruwa.

Yanzu a zaure take lalube, tana karo da bango, tana tambayata ko ginin hukuma ya yi kyau. Ya yi kyau ƙwarai, ko tsaga babu.