Kwaɗon Keken Baba Idirisu

Sidiku mai gyaran keke ya sake ɗora wani kwaɗon a kan teburinsa, Baba Idirisu ya ɗauka ya juya shi, ya ajiye kamar an ba shi ruɓaɓɓen goro.

Zuweira na tsaye a gefe da kwanon jiƙaƙƙen gero a ka. Injin niƙa ta nufa, ba kasuwar 'yan keke ba. Ita maƙwabciya ce kawai, ɗakinta na kallon nasa a gidan haya a zangon Salaga, inda take sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Amma 'yarsa Munawara ta bugo waya daga Bawku har da kuka, ta roƙe ta don Allah ta raka tsohon ya sayi kwaɗo marar nauyi, kafin sarƙarsa ta kashe shi.

Sarƙar kuwa duk unguwa an san ta. Ta motar shanu ce. Tun da aka sace masa keke a Yendi, ya shiga sallar Juma'a ya fito ya tarar da tsinkakkiyar waya a gindin bishiya, ya rantse ba zai ƙara yarda da ƙaramin ƙarfe ba. Kullum sai ya rataya ta a kafaɗa ya hau keke ya kai goro tasha. A makon da ya wuce ta rinjaye shi a kwanar masallaci, ya faɗi ya daddauje gwiwa.

Yanzu ga shi yana kushe duk abin da aka nuna masa. Na waya mai roba, ya ce da filaya ake tsinke shi. Mai lambobi, ya ce ɓarawo mai haƙuri zai zauna ya yi ta juyawa har ya dace, shi kuma idonsa ba ya ganin lambobin. Gajeriyar sarƙa mai rigar yadi, ya ce ta ɗaure akuya ce.

"Baba, gerona zai yi tsami," in ji Zuweira. "Zinariya za ka ɗaure ko tsohon keke?"

"Shi nake da shi, 'yata," ya ce, bai ko ɗago kai ba.

Daga ƙarshe Sidiku ya jawo wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da hannun bokiti. Ba nauyi, amma ya ce zarto ba ya cin sa. Tsohon ya ce a ba shi zarton. Nan ya tsuguna cikin rana yana gogawa, gumi na ɗiga daga gemunsa, har haƙoran zarton suka lalace, ƙarfen kuwa fenti kaɗai ya bari. Sannan ya yi murmushi. Makullai biyu ne, Sidiku ya ba da shawara a bar ɗaya wurin Zuweira saboda tsaro. Baba Idirisu ya zura duka biyun a aljihu, ya ce ba rashin yarda ba ne, amma a'a.

Zuweira ta zaci ta huta. Ashe da sauranta. Ƙarfe ɗaya ne a gidan da tsohon ya yarda da shi, wato bututun da ya tokare rufin kwano a tsakiyar ƙunƙuntar hanyar shiga gida. Da doguwar sarƙa keken kan jingina da bango. Da sabon kwaɗon, da yake gajere ne, sai ya tsaya a karkace ya ci fiye da rabin hanya. Kullum da safe sai ta ɗaga tukunyar koko sama ta ratsa a gicciye, feda na kuje mata ƙwauri. Ta yi magana, ta kai ƙara wurin mai gida, Malam Jibirilu. Tsohon ya ba ta haƙuri, ya ba ta goro, bai matsar da keken ba.

Shi dai ya ji daɗin kwaɗon. A tasha har nuna wa direbobi yake yi, yana cewa su ɗaga su ji.

Wata ranar kasuwa ya dawo tun hantsi. Ya kulle keken, ya girgiza kwaɗon ya tabbatar, ya zauna a bencin Zuweira ya ce ta zuba masa koko ba sukari. Bai sha rabi ba. Ya ce ƙirjinsa ne ya yi nauyi. Ta ce bari ta tsayar da mai babur ya kai shi asibiti, ya ce sai ya yi azahar. Ta matsa, ya ce ta cika gaggawa. Ta yi tsaki ta koma kan ƙosanta, shi kuma ya shiga ɗaki.

Da bai fito sallar la'asar ba, Malam Jibirilu ya leƙa. Ya same shi a kan tabarma, ya riga ya cika.

Da aka buga mata waya, Munawara ta ce kada a jira ta, Bawku da nisa, a kai shi kafin magariba. Aka yi masa wanka aka sa likkafani. Makara ta shigo gidan a karkace, tunda ba kowa a cikinta. Da aka tashi fita da mamaci sai aka ga ba hanya.

Aka shiga neman makulli. An duba aljihun rigunansa, ƙarƙashin tabarma, cikin kwandon goro, cikin buta. Masu wanka sun ce ba su ga komai a jikinsa ba. Zuweira da kanta ta zazzage buhunan da ke ɗakin, tana hawaye tana mita. Aka kira mai walda, ya ce ba wuta tun safe. Wani ya ce a yanke bututun, Malam Jibirilu ya ce rufin zai sauko a kan jama'a. Liman ya dubi rana, ya dubi keken.

Sidiku ya iso da sabon zarto. Ya goga, ya goga, ya miƙe yana haki.

"Mma, kai ne ka ce a ba shi mai ƙarfi," ya ce da Hausarsa ta kasuwa.

"Marar nauyi na ce."

Sai ya ajiye zarton ya ɗauki sifana. Ya cire tayar gaba, ya kwance feda, ya murɗa kan keken ya manne da bango. Mutane suka ɗaga makarar daidai kafaɗa suka ratsa a hankali, gefenta na gogar sirdi. Zuweira na tsaye bakin ɗakinta da mayafi a baki.

"Ko yau ma sai da ka tare hanya, Baba," ta ce a hankali.

Kashegari Munawara ta iso. Ta daɗe tsaye gaban keken, sannan ta roƙi Malam Jibirilu a bar shi a wurin har a yi sadakar bakwai. Ta dubi Zuweira kamar mai neman izini. Zuweira ta ce a bar shi.

Da yammar ranar aka yi ruwa. Wani ƙaramin rami a kwanon ya fara ɗiga daidai kan sirdin. Zuweira ta ɗauko tsohuwar ƙwarya ta kifa a kai, ta koma ta zauna tana tsince wake. Ruwan ya ci gaba da sauka a bayan ƙwaryar, ɗis, ɗis.