Tantin Inna Zalika

"Ƙara mata mai, ɗiyata. Ƙishirwa take ji."

Furera ta sake lakato man shanu ta goga a kan farar ledar. Man ya zame ya tsaya a sama yana ƙyalli, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Kwana tara ke nan tana wannan aikin banza a tsakar gidan maƙwabciyarta Inna Zalika, tsohuwar tana kwance a bakin ƙofa tana ba da umarni.

Habibu, ɗan Inna Zalika, shi ya kawo naɗin ledar daga wani shantiye, wurin ginin da yake aiki a Agadas, irin wadda ake lulluɓe bangon gini da ita. Ba ta yagewa, ruwa ba ya ratsa ta, sai dai taurin tsiya da ƙara. Ya ajiye ta ya koma bakin aikinsa.

A tantin fata aka haifi Inna Zalika, can arewa, a cikinsa aka kai ta aure. A wajensu tanti na mace ne. Da fari ya cinye dabbobinsu suka zauna nan ƙasar Mayahi, nata tantin kuwa gara ta gama da shi a ɗakin ajiya. Shekara arba'in ba ta yi ƙorafi ba. Sai ran da likita ya ce a mai da ita gida ta huta, ta ɗaga ido ta dubi rufin ɗakinta.

"Ƙasa bisa, ƙasa ƙasa," in ji ta. "Tun ban mutu ba za ku bizne ni? Ku hidda ni waje, in cika cikin tanti."

An gwada kafa ledar yadda take. Iska na taɓa ta sai ƙaras-ƙaras, kamar awaki sun faɗa cikin kara. Tsohuwar ta toshe kunne ta ce a kwance.

"Wagga aba surutu gare ta. Tanti ba shi magana. A ba ta mai a murza, hakanan muke wa hwata."

Furera ta san ba fata ba ce. To amma wa zai yi gardama da mai jinya a kan sana'ar kakanninta? Ta yi ta shafawa har ƙwaryar manta ta ƙare, ƙudaje suka mamaye gidan, Talle mijinta ya fara guna-guni.

Rana ta goma haushi ya ci ta. Ta ja ledar zuwa gida don ta wanke maiƙon, ta cusa ta a babban kwano da ruwan sabulu, ta hau ta da ƙafa, ta murɗe, ta matse, tana huce takaicinta a kai. Da ta bushe a kan igiya, gefe ɗaya ya yi laushi kamar tsohon zane. Ta girgiza shi. Shiru.

Furera ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Ashe cukuikuyewa kawai abin yake so. Kwana tara ta zubar, daga cikin kwanakin da ba su da yawa.

Ta kira Kubra da sauran matan unguwa. Suka jiƙa ledar, suna tura ta a turmi ɓangare-ɓangare suna kirɓawa, har tafin hannunsu ya yi kanta. A lokacin Inna Zalika ta daina karɓar ko kunu. Furera ta kai mata gefen da ya yi laushi ta sa mata a hannu. Tsohuwar ta daɗe tana murza shi da yatsu.

"Kin gani? Mai ya shiga."

"Ya shiga, Inna."

"Yaushe?"

"Jibi in sha Allah. Ɗunki ya rage."

"Jibi da nisa, ɗiyata."

Furera ta bar girki, ta bar surfe, ta duƙufa da basilla. Ranar Alhamis da hantsi ta ɗaure zaren ƙarshe. Talle ya haƙa ramuka a tsakar gidan Inna Zalika, ya kafa dirka uku, yana sassaƙa ta huɗu. Furera ta leƙa ɗakin da saurinta.

"Inna, saura dirka guda! Yanzu za mu ɗauke ki."

Tsohuwar na kwance rigingine, idonta a buɗe, yana kallon rufin ƙasa. Furera ta sake kira, a hankali wannan karon. Sannan ta durƙusa ta shafe mata ido.

Bayan azahar aka dawo daga maƙabarta. Rana ta ƙwalle, masu gaisuwa ba su da inuwa, sai wani ya tuna da ledar. Talle ya tumɓuke dirkokin ya kai ƙofar gida, ya ƙarasa ta huɗun, cikin ɗan lokaci tanti ya tsaya. Maza suka baje tabarmi a ƙarƙashinsa, har wani dattijo yana yaba sanyin wurin.

Furera ta tsaya a bayan zana tana leƙe, hannunta har yanzu yana warin man shanu. Iska ta taso daga arewa ta cika tantin, ya kumbura, ya sauka a hankali. Ko ƙaras bai yi ba.