Sabuwar Kafaɗar Awa

Shekara ashirin da bakwai Illiya ya yi yana aikin ƙarfe a wani atiliye, wato shagon ƙera sassan inji, a unguwar Kossodo. In aka kawo masa yankin inji da ya karye, sai ya jujjuya shi a hannu, ya auna, ya fiƙe sabo daidai da shi. Matarsa Awa tana da rumfar atamfa a kasuwar Rood Woko. Kullum da safe shi yake goya ta a babur daga Zongo, ya sauke ta a bakin kasuwa, ya wuce wurin aikinsa.

A irin wannan safiya ce suka faɗi, damina uku da suka wuce. An yi ruwa, Illiya yana sauri don ya makara, ya kama birki a kan taɓo, babur ya zame. Shi ya tashi da ƙujewa a gwiwa. Awa kuwa a kan kafaɗarta ta dama ta sauka.

Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ƙashin ya haɗe, amma a karkace. Da farko hannun yana ɗaguwa zuwa haɓa, daga baya ya tsaya a ƙirji, ciwon kuma ya zauna. Awa ta daina iya sauko da atamfa daga sama, sai maƙwabciyar rumfarta ta taimaka mata. Ba ta taɓa cewa mijinta ne ya jawo mata ba. Shi ma bai taɓa tayar da zancen ba, sai dai tun ranar bai sake gudu da babur ba, har masu keke suna wuce su.

'Yarsu Radiyya, wadda ke aure a kusa da kasuwar Sankaryaaré, ita ta kawo labarin wata likitar ƙashi mai suna Nafisatu. A Zongo aka haife ta, mahaifinta direba ne daga Nijar, ta yi karatun tiyata a waje ta dawo. Aka yi wa Awa hoton ƙashi iri biyu, suka je su ukun.

Likitar ta gaishe su da Hausa, ta zaunar da Awa, ta daɗe tana taɓa kafaɗar kafin ta yi magana. Ta ce gaɓar ta cinye, jijiyoyin da ke ɗaga hannu kuma sun tsinke tun ranar faɗuwar, ba su ɗinkuwa. Abin da ya rage shi ne a sa gaɓar ƙarfe, amma a juye: ƙwallon da Allah ya sa a kan ƙashin hannu ya koma jikin allon kafaɗa, kwarmin ya koma kan hannu. Da haka naman da ke lulluɓe kafaɗa ta waje zai karɓi aikin jijiyoyin.

Illiya ne ya hau tambaya: wane irin ƙarfe ne, yana tsatsa, da me ake kafe shi, zaren ƙusoshin nawa ne. Likitar ta dube shi, ta tambayi sana'arsa. Da ya faɗa, sai ta buɗe aljihun tebur ta fiddo wani abu fari kamar ƙashin rago, ta miƙa masa. Ta ce allon kafaɗar Awa ne, an fitar da shi da roba daga hoton da aka ɗauka, girmansa da ramukansa duk daidai.

Nan ta gaya musu inda wahalar take. Gaɓoɓin da ake kawowa daga waje an yi su ne da ma'aunin mutane masu manyan ƙashi. Wurin da za a kafa ƙwallon a jikin Awa bai kai faɗin babban yatsa biyu ba, gefe ɗaya kuma ya zaizaye. Shekara huɗu tana auna kafaɗun matan da ke zuwa wurinta, har ta zana ƙaramin gindi da zai dace da su, wani kamfani a waje ya yarda ya ƙera, hukuma ta ba da izini. Ta kuma zana ɗan abin roba da zai hau kan ƙashin Awa kaɗai, ya nuna wa injin huda hanya. In hudar ta kauce ko kaɗan, sai ta ɓulla ta baya.

Illiya ya tambaye ta yadda take gwaji kafin ranar aikin. Ta ce wata ma'aikaciya ce ke riƙe mata robar a hannu tana hudawa. Ya girgiza kai, ya ce hannun mutum ba ya tsayawa, ko almajirin maƙera ya san haka. Ya roƙi ta ba shi aron robar, haɗe da ta ƙashin hannun, na kwana uku.

Ya dawo da mariƙi na ƙarfe mai ƙafa uku. Yana kama allon kafaɗar da ƙashin hannun tare, a daidai karkatar da mutum zai yi in an kishingiɗar da shi a gadon tiyata, ana kuma iya juya shi da sukurori biyu. Likita Nafisatu ta kafa shi a teburinta, ta ɗora ɗan abin robarta, ta kawo injin huda. Sai injin ya ƙi shiga daidai. Gindinsa yana dukan kan ƙashin hannu, dole ta karkata shi. A da ba ta ga haka ba, don mai riƙe mata takan kautar da ƙashin ba tare da ta sani ba.

Ta zauna ta daɗe tana kallon abin. Sannan ta ce dole ta sake zana hannun injin ya zama mai lanƙwasa, kuma ranar da aka sa za ta ɗaga da mako biyar.

Daga nan Illiya ya zama ɗan gida a ofishinta. In ya tashi aiki da la'asar sai ya biya, su duƙa a kan takarda, ita tana faɗin inda jijiya take, shi yana faɗin inda ƙarfe zai raunana in an lanƙwasa shi da yawa. Ya dawo gida yana ba Awa labarin ma'auni da kusurwa, fuskarsa a sake, irin yadda ba ta gan shi ba tun da suka faɗi. Ita kuwa ciwon ya ƙaru, ko tuwo da hagu take ci.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya zauna yana zana mata lanƙwasar a ƙasa da tsinke. Ta bari ya gama.

"Malam, ku biyun kun sami abin wasa. Ni ce mai ciwon," in ji ta. "Mako uku ke nan ba ka tambaye ni yadda na kwana da hannun ba."

Ya ajiye tsinken. Ya ce ai don ita yake yi.

"Na sani. Amma rabi don ni, rabi don ranar da muka faɗi. Ban riƙe ka ba, tun a lokacin ban riƙe ka ba. Ruwa aka yi."

Illiya ya tashi ya ɗebo ruwan ɗumi, ya jiƙa tsumma ya ɗora mata a kafaɗa, ya zauna yana riƙe da shi har ya huce. Washegari ya kai ta wurin likitar, ya tsaya a waje. Awa ta faɗa mata abin da ta faɗa wa mijinta. Likitar ba ta kare kanta ba. Ta ce gaskiya ne, ta shagala da robar ta bar mai ƙashin. Ta canza mata magani, ta kuma zauna ta bayyana mata ita kaɗai abin da za ta samu da abin da ba za ta samu ba: ciwon zai ragu sosai, hannun zai ɗagu, amma ba zai koma kamar na da ba, kuma ta yi sallama da ɗaukar kaya masu nauyi. Awa ta ce ta yarda, yanzu da bakinta.

Akwai abu ɗaya da ya sosa wa Illiya rai. Ya so shi ya ƙera hannun injin da kansa, ya ce kwana biyu ya ishe shi. Likitar ta ƙi. Ta ce duk abin da zai shiga jikin mutum sai wanda aka ƙera da ƙarfen da aka tantance, aka gwada shi, ko da na atiliye ya fi shi kyau. Kwana biyu bai biya ofishinta ba. Da kayan suka iso ta kira shi, ya auna lanƙwasar da ma'auninsa, ya ce ba laifi.

An yi aikin wata Talata da safe. Illiya da Radiyya suka zauna a benci a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, shi yana jan carbi, ita tana amsa wayar 'yan'uwa da Hausa da Farasanci. Bayan awa uku likitar ta fito, ta ce hudar ta bi hanyarta, gindin ya zauna daram.

"Baba, ba ko girgiza," likitar ta ce wa Illiya.

Ya sunkuyar da kai, ya yi hamdala.

Jinyar ta fi aikin wuya. Mako shida hannun yana rataye, sannan aka shiga motsa shi. Awa ta yi kuka a wurin mai gashin jiki fiye da sau ɗaya, akwai ranar da ta ce ba za ta koma ba, Radiyya ta lallashe ta. A wata na biyar yatsunta suka kai saman kanta. Can suka tsaya, ba su wuce ba. Bayanta kuwa hannun bai kai ba har yau, da hagu take ɗaura zani. Amma tana barci a kan ɓangaren da ta ga dama, ta kuma koma rumfa.

Kusan shekara bayan haka likitar ta aiko tana neman alfarma. Akwai wata dattijuwa mai sayar da goro da za a yi wa irin aikin, tsoro ya hana ta yarda, ko Awa za ta je ta yi mata magana. Awa ta je da yamma, ta sami matar a tsakar gida da 'ya'yanta kewaye da ita. Ta nemi su ba su wuri. Ta janye mayafi ta nuna mata tabon, ta ɗaga hannun iyakar inda yake kaiwa, ta ce daga nan ba ƙari, kada kowa ya ruɗe ta. Ta gaya mata makonnin farko akwai azaba. Matar ta kai yatsa ta taɓa tabon, ta tambaya ko ana jin sanyin ƙarfen a ciki. Awa ta ce a'a. Suka ci gaba da hira har aka kira magariba, matar ta ce za ta yi shawara da ƙaninta.