Ɗigon Jan Farce a Kan Saiti

Tun ranar Asabar Tobias Kotze bai ci abinci ya ji daɗinsa ba. Harbi biyar ya yi wa tsohon farantin da ke rataye a jikin tudun ƙasa bayan garke, daga taku ashirin, a gaban matarsa da 'yarsa da surukinsa, ko ƙwarzane bai yi masa ba. Kuma shi da bakinsa ya kafa sharaɗin, shekara uku baya, lokacin da 'yarsa Ronel ta ishe shi da maganar su bar gona: ran da ya kasa samun farantin nan, zai miƙa bindigarsa ga hukuma, ya sayar da tumakin, ya bi su garin Graaff-Reinet ya zauna a ɗakin bayan gida. Daga gonar zuwa ofishin 'yan sanda tafiyar awa guda ce, wanda ba ya iya harbi ba shi da ta zama a nan. Da gadara ya faɗa, don bai taɓa tsammanin ranar za ta zo ba.

Ran Litinin da hantsi ya buɗe akwatin ƙarfe ya ɗauko ƙaramar bindigar, ya zare harsasai ya shimfiɗa ta a kan teburin kicin, wai ya goge ta gogewar ƙarshe. Babban yatsansa ya bi ta kan saitin baya, ɗan ƙarfen nan mai tsaga da ake leƙa gaba ta cikinsa, sai ya ji ya motsa. Ya sake turawa, ya zame zuwa hagu kamar haƙorin da ya kusa fita.

"Alida! Zo ki gani da idonki!"

Matarsa ta fito tana goge hannu da tsumma. "Tsoho, wannan ihu fa? Dila ya shiga garke ne?"

"Dila mai ƙafa biyu. Dubi nan."

Tobias yana da wata al'ada da ya gada wajen mahaifinsa. Duk ran da ya ɗaure ɗan notin da ke riƙe saitin, sai ya ɗiga masa jan farce ya bushe a kai, yadda ko wa ya taɓa sai ɗigon ya tsage. Shekara tara ɗigon nan yana nan lafiya. Yau ga shi a farfashe, har da sabon ƙwarzane a gefe.

"Noti ba ya kwance kansa ya bar ƙwarzane," in ji shi. "Ran Asabar na ajiye ta a nan na fita duba famfo. Wa na bari zaune yana tsoma busasshen burodi a kofi?"

Alida ta juya ta hau gyara kofunan da tun ɗazu suke a gyare.

Werner, mijin Ronel, dama bai taɓa kwanta wa Tobias ba. Mutum ne mai laushin hannu da yawan murmushi, wanda in ya zo gona ba ya kallon tumaki sai tsaunuka, yana ta labarin wani kamfani da ke neman fili ya kakkafa manyan fankokin da ke samar da lantarki daga iska. Tobias ya ɗauki waya, da ƙyar ya lalubo lambar Werner ya kira.

"Baba, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki garau. Ya naka hannun, bai gaji da kwance noti ba?"

"Wane noti kuma, Baba?"

"Ka gaya wa matarka gwajin Asabar bai ci ba. An yi mini maguɗi a cikin gidana, a kan teburina."

"Wallahi Baba ni ko riƙe bindiga ban iya ba."

"Abin da na ce ke nan. Wanda ya iya ba zai bar ƙwarzane ba." Ya kashe wayar, ransa fari tas kamar an biya masa bukata.

Gyaran bai ɗauke shi rabin awa ba, amma ya yi shi kamar mai aikin ibada. Ya zare saitin, ya wanke gurbinsa da kananzir, ya kankare tsohon jan farcen da tsinke. Ya mayar da shi ya daidaita da ɗan layin da ya taɓa ja da allura a jikin ƙarfen. Layin sai da ya laluba shi da farce kafin ya same shi, ya ce laifin tagar ce da ba a wankewa. Ya ɗaure notin tam, ya miƙa hannu ba tare da ya ɗago ba.

"Kawo jan farcenki."

Ta kawo. Ya ɗiga a kan notin.

Bayan ɗigon ya bushe suka fita. Rana ta take, ba ko iska. Ya ƙirga taku ashirin, ya juyo ya tsaya yadda ya saba tsayawa shekara hamsin. Farantin ya yi masa dishi-dishi, kamar ana kallonsa ta cikin ruwa, amma ya cije ya harba sau biyar. Tumaki suka watse. Ya tsaya yana sauraron ƙarar farantin, bai ji ba.

Ya taka da kansa ya je ya shafa farantin. Sumul yake.

"To har bakin bindigar ya lalata ke nan," ya ce, muryarsa ba ƙarfi. "Yaron nan sai na..."

"Tobie, ka bar Werner."

Ya waiwayo. Alida ta ɗaga masa hannunta na dama. Farcen babban yatsan ya karye har cikin nama, ya yi baƙi.

"Ni na kwance shi. Ran Asabar da yamma, bayan yara sun tafi, ka kwanta ka juya wa duniya baya. Na ɗauki makulli a aljihun wandonka. Gam yake a ɗaure, Tobie, da ƙyar na murɗa shi, har farcena ya tafi."

"Bayan na yi harbin?"

"Bayan ka yi."

"Don me?"

"Na ga fuskarka ne na kasa jurewa. Na ce bari in ba ka abin da za ka ɗora wa laifi, ko na sati ɗaya ne. Ban san kan yaron mutane za ka ɗora ba." Ta share ido da bayan hannu. "Ni ma ba son barin gidan nan nake ba."

Tobias ya daɗe yana duban inda ya san tsaunuka suke. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban ɓarayin tumaki. Ya zare gidan harsashi ya duba bindigar ba komai a ciki, ya miƙa mata tare da makullin akwatin.

"Kira mini Werner," ya ce. "Ke za ki danna lambar, ni ba na ganinta."