Inda Karnukan Raili Suka Kai Veikko

Raili ta zame a matakalar ɗakin wanka ta karya ƙafa, daidai lokacin da ganye ya gama zuba, ƙanƙara kuma ba ta sauka ba. A irin wannan lokaci ne take fita da karnukanta biyu, Tuisku da Halla, su ja ta a keken tsaye, irin wanda ba shi da wurin zama, ta cikin daji, don jikinsu ya yi ƙwari kafin sanyi. Da aka ɗaure mata ƙafa, karnukan suka zauna a keji suna kuka safe da yamma.

Mijinta Veikko ya tsufa yana tuƙa bas tsakanin ƙauyensu da birnin Rovaniemi, amma bai taɓa taka keken nan ba. Da kukan ya ishe shi, wata safiya ya ɗauko hular kwanonta.

"Tsoho, ina za ka da hulata?" in ji Raili daga kan kujera.

"Zan fita da 'ya'yan naki, kafin su kurmantar da ni."

"Wannan fa ba bas ba ce. Babu kujera, kuma fasinjojin ne a gaba."

"Na ji."

"Ku bi hanyar tafki kawai ku dawo. Ka ji ko? Hanyar tafki."

Ya sa wa karnukan maɗaurin ƙirji, ya ƙulla doguwar igiyar a wuyan keken, ya hau ya tsaya. Yana sakin burki suka fizge shi har haƙoransa suka haɗu. Saiwoyi da duwatsu suka yi ta jijjiga shi, taɓo na fallatsar masa a fuska. Da aka ɗan yi nisa ya gane in ya lanƙwasa gwiwa abin yana sauƙi, a hawan tudu kuma yana taimaka musu da tura ƙafa ɗaya. Har ya fara jin daɗi.

A mararraba ya ce, "Dama!" Ko kunne ba su kaɗa ba. Ya sake faɗa da ƙarfi, ya matse burki, tayar baya ta yi ta jan ƙasa, amma Halla ta karkata hagu, Tuisku ya bi ta. Veikko ya san hanyar. Gida ɗaya ne a ƙarshenta, gidan wansa Aulis, wanda rabonsu da magana tun rikicin rabon dajin mahaifinsu.

Karnukan suka shiga farfajiyar kamar gidansu, suka tsaya a gindin wata bishiya da aka kafa wa ƙugiya. Ƙofa ta buɗe, Aulis ya fito da kwanon ruwa. Ya rame ƙwarai, rigar sanyinsa ta yi masa yawa, yana takawa a hankali. Ya dubi Veikko, ya dubi keken.

"Ina mai su?"

"Ta karya ƙafa."

"Shi ya sa." Ya ajiye kwanon, karnukan suka hau sha, Halla tana kaɗa masa wutsiya. "Kai kuma wa ya ce ka hau wannan abu da tsufanka? Dubi fuskarka, kamar wanda aka tono."

"Kai ma ai ba kyau ka ƙara ba."

"Maƙala igiyar a ƙugiya. Ba sa tashi sai sun huta. Akwai kofi a wuta."

Veikko ya daɗe a tsaye, sannan ya maƙala igiyar ya bi shi. A teburin akwai kofuna biyu da baƙin burodi, gefe guda kuma kwalaben magani. Aulis ya zuba musu. Ya ce tun bara ake kai shi asibiti saboda huhu, Raili ce ke biyowa ta ga ko ya tashi lafiya, wani lokaci ta kawo masa miyar kifi. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin yanayi. Suka yi maganar burkin keken, da rashin ƙanƙarar bana, da wani maƙwabci da ya sayar da barewarsa ta kiwo. Ba wanda ya ambaci daji.

Da zai tafi, Veikko ya lura itacen hura wuta na jibge a bayan gida, ba a faskara ba, ruwa yana dukansa.

A komowa karnukan ba su ba shi wahala ba. Ya kwance su, ya ba su abinci, ya shiga gida da taɓo har gira. Raili ta ajiye saƙar da take yi.

"Yaya tafkin?"

"Kin san ba tafki suka kai ni ba."

Ta ce, "Ya ci abinci?"

"Burodi na gani." Ya zauna yana cire takalmi. "Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Shi ya hana. Kai kuma da an kama sunansa sai ka tashi ka fita."

Veikko ya juya takalmin a hannunsa. Ya ce, "Itacensa na nan a jiƙe. Ranar Asabar zan je da gatari."

"Da karnukan?"

"Da mota. Gwiwoyina ba na aro ba ne."

Ranar Asabar ɗin ya je, ya kai miyar da Raili ta koya masa dafawa daga kan kujera. Aulis ya ɗanɗana ya ce gishiri ya yi yawa, ya shanye.