Akuya a Kan Tarakta

A allon kwamfuta, akuyar ta sake kutsawa cikin bango da taraktarta, ta maƙale, ƙafafunta na reto. Dayanis ko murmushi ba ta yi ba. Mahaifinta Yosvany yana tsaye a bayanta, shinkafa da baƙin wake na hucewa a hannunsa.

Wata biyar ke nan da uwarta ta bi ayarin masu tafiya Amurka, kamar sauran mata da yawa a layinsu na garin Matanzas. Tun ranar, yarinyar mai shekara sha huɗu ta koma daga "i" sai "a'a". Makaranta ma sai ta ga dama. Duk Litinin, Osmel mai yawo da faifai gida-gida yakan zuba musu sababbin wasanni a tsohuwar kwamfutarsu. Mai kyan cikinsu takan gama shi kafin Alhamis, sauran kwanakin ta cinye su da tarkacen da aka cika faifan da su.

"Wannan wane irin shirme ne, 'yata?"

Ta sake tayar da taraktar.

A ƙasan allon ya ga an rubuta mutum biyu za su iya yi. Manyan wasannin sun fi ƙarfin yatsunsa na birkila, amma wannan maɓalli huɗu ne kacal. Ya kifa bokiti kusa da ita ya zauna.

Akuyarsa ta yi baya a guje, ta afka rijiya. Ya sake, ta sake afkawa.

"Baba, ribas ka sa."

"Ba laifina ba ne, akuyar ce ba ta da lasin."

Dariya ta kuɓuce mata ta hanci. Bai waiwaya ba, yana tsoron kada ya kore ta.

*

Ran Lahadi suna tsakiyar kwasar kabewa a wasan, idonta na kan allo, ta ce, "Kai ma tafiya za ka yi?"

Taraktarsa ta daki bishiya.

"Ni da ko rijiya ban iya kauce wa ba? Ina nan, Dayanis."

*

Litinin Osmel ya shigo da cika baki. "Yarinya, yau na kawo na gaske, har da dodanni! Sai dai babu wuri, dole in goge tarkacen nan."

"Goge duka, ban da na akuya."

"Wannan sharar?"

"Ban da shi, na ce."

Da yamma Yosvany ya dawo, siminti har gira. An riga an kifa bokitin kusa da kujerarta, an ɗora masa matashin kan uwarta.