Makullin Ɗakin Na'ura

Dogo ya buga wa kwamfuta umarni a tagar allon da ba ita ba. Ɓarnar ke nan.

Shi ke riƙe da makullin ɗakin na'ura a kamfanin rarraba kaya. Shekaru da dama da suka wuce ya kafa manhajar da ke tsara wa kwamfuta aiki: kaza da asuba, kaza da hantsi. Ita ke tura wa direbobi saƙon inda za su kai kaya. Babu hoto, baƙin allo ne kawai da rubutu.

Shi da kansa ya samo wa Auta, ƙanin matarsa, aiki a wurin. Ba a jima ba Auta ya kawo sabuwar manhaja, Manaja kuma ta fara cewa "a tambayi Auta". Kalmar nan ta tsaya wa Dogo a wuya.

Manaja ta ce a gwada. Za a ɗora wa kwamfutar gwaji lissafin banza har ƙwaƙwalwarta ta cika, a ga manhajar da ba za ta makara ba. Mai ita ya riƙe makulli.

Ta Dogo ta yi nishi, ta makara kaɗan. Aka sa ta Auta. Fanka na kuka, ɗaki ya ɗau zafi, amma aiki na fita a kan kari.

"Yaya, tsohuwarka tana son sanda," in ji Auta yana dariya.

"Ni na koya maka kunna kwamfuta, ɗan nema."

Auta ya fita kiran Manaja. Dogo ya ja kujera. Taga biyu ne a allon, duk baƙaƙe: ta gwaji da ta ainihin aiki. Ya ninka nauyin lissafin banzan da sauri don ya shaƙe manhajar Auta, ya koma gefe ya harɗe hannu.

Ta Auta ko gezau. Sai ga shugaban direbobi a bakin ƙofa.

"Dogo, lafiya? Motoci cike, ba wanda ya san inda za shi!"

Ashe kwamfutar ainihin aiki Dogo ya shaƙe, inda tsohuwar manhajarsa ke aiki. Manaja ta shigo tare da Auta, ta duba allo. Umarnin na nan, da sunan Dogo a gefe.

"Wataƙila hannu ne ya zame, ranki ya daɗe," in ji Auta a hankali.

Wannan ya fi komai ƙona wa Dogo rai. Manaja ta miƙo hannu, ya ciro makullin ya ba ta.

Yanzu kullum da safe yana tsaye a baranda da ledar abincin da matarsa ta ce ya kai wa ƙaninta, yana jiran Auta ya zo ya buɗe masa ƙofa.